Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga magabatan kiwon lahiya, daga matan wani asusu a Tawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da ban girma ga magabatanmu masu riƙe da sha'anin kiwon lahiyar al'umma, na can Yamai da na nan jihar Tawa. Muna fatan kuna lahiya ku da iyalanku, ya aiki, ya haƙuri da jama'a. Allah shi taya ku riƙo.

Ni tela ce a nan cikin garin Tawa, uwar ɗiya huɗu, kuma ni ke riƙe da kaye, wato littahin lissahi, na asusun matan unguwarmu, irin wanga na Mata Masu Dubara da ake zubi kowane mako. Mu 27 ne, muna haɗuwa ran Juma'a bayan la'asar a tsakar gidan shugabarmu. Da yawunsu nake magana, su sunka ce in rubuta tunda ni na ɗan yi lakkol, kuma sai da na karanta musu wasiƙar ga kahin in sake ta. Wata tsohuwa cikinmu ta ce in cire hushi in bar gaskiya, na yi iyakar ƙoƙarina, in kun ga ragowar hushi wani wuri ku yi mini uzuri.

Abin da ya sa munka ga ya kamata mu yi magana, kayen ne. Mun kafa asusun ga don sana'a, wannan ta ranci jarin ƙuli-ƙuli, waccan ta sayi tunkiya ta turke kahin layya, wata ta saro atamfa. Kusa da sunan kowace mai rance ina rubuta dalili. Daga faɗuwar damina zuwa kaka na bana, in na buɗe kayen abin da nake gani shi ne magani, magani, ƙarin jini, magani, kuɗɗin mota zuwa likita. Jarin sana'a sai ɗai-ɗai. Kuma kusan duk ɗiyan da anka ci bashin ga saboda su ba su kai shekara 5 ba, wato su ne waɗanda doka ta ce a duba su kyauta.

Ba mu manta alheri ba. Mun san tun shekarar 2006, zamanin marigayi Tandja Mamadu, anka ce ɗiyan da bai kai shekara 5 ba ba a biya mishi kuɗɗin likita a asibitocin gwamnati, haka awon ciki, haka tiyatar hidda jariri. Uwayenmu da sunka haihu kahin lokacin suna ba mu labarin yadda abin yake da, ba mu fatan komawa can. Mun kuma ji da kunnenmu a rediyo cikin 2024 da gwamnati ta rage rabin kuɗɗin ganin likita da awo da kwanciya daga 1 ga watan Satumba, ta ce haihuwa kyauta, ta soke jika 150 da masu wankin ƙoda ke ajewa. Maganin rigakahin palu, wato masassarar cizon sauro, da ake bi gida-gida ana ba yara daga Yuli zuwa Oktoba muna karɓa, gidan sauro muna karɓa, allurar rigakahin palu da anka ƙaddamar a Gaya cikin 2024 mun yi murna da ita. Duk wannan mun gode. Sai dai tsakanin abin da ake faɗi a rediyo da abin da uwa ke tararwa ƙarhe 2 na dare da ɗiya a goye akwai tazara, ita ce muke so ku leƙo ku gani.

Babbar matsalar ita ce ordonansi, takardar da likita ke rubuta magani a kai. Ganin likita kyauta ne, gaskiya ne, ba mai tambayarki ko dala a kan wannan in katin asibitin yaro na hannunki. Amma ganin likita bai sauke masassara. Abin da ke sauke ta shi ne abin da za a rubuta a 'yar takardar nan, kuma sau tari in kin kai ta tagar magani sai a ce babu, sai ki duba waje. Waje kuwa farmasi ne, farmasi kuma bai san wata doka ta 2006 ba.

Bari in ba ku nawa, a taƙaice. Autata shekararta 3. Cikin watan Satumba jikinta ya yi zahi ran Talata, na ba ta parasetamol na ruwa, ya sauka ya dawo. Ran Laraba ta fara amai, ko nono da ta saba roƙo duk da na yaye ta ba ta nema ba. Daren Alhamis ta sanƙare a hannuna, ido ya juye, haƙora sunka datse. Ubanta yana Abijan wajen bida kamar rabin mazan Adar, ni kaɗai ce da yara. Maƙwabcinmu mai kabu-kabu ya ɗauke mu. A gidan likitar da munka je (ba zan faɗi suna ba, don ba mutum ɗaya na zo kai ƙara ba) an soki yatsarta, cikin minti 15 anka ce palu ne mai tsanani, kuma jininta ya yi ƙasa. Malamin da ke gardi ya buɗe tahin hannunta ya gwada mini, fari fat kamar takarda. Ya ce Hajiya allura za mu fara yanzu, amma ga wannan ki samo. Na duba: ruwan sarom, robar ƙarin ruwa, abin da ake sa wa a jijiya, sirinji, safar hannu, maganin jijjiga, da wata allurar kashe ƙwayoyin cuta. Allurar palu ɗin kanta suna da ta farko, ta bayan awa 12 da ta bayan awa 24 ya ce ba shi da tabbas.

A jakata jika 4 ne da 'yan canji, kuɗɗin ɗinkin wata mata da ban ma gama ba. Farmasin da ke gardi a daren yana wani gehen gari. Munka tahi da mai kabu-kabu munka bar yarinyar da yayarta 'yar shekara 11, anka buga lissahi ya hi jika 14. Na tsaya gaban tagar nan ina cewa ɗana wane ne ya hi zama dole a ciki, a ba ni shi tukuna, shi kuma yaron farmasin ya ce Inna ni ba likita ba ne. Ƙarhe 3 na dare na buga wa shugabar asusunmu ƙofa, da ita da masu riƙe da makullai biyu anka tada su anka buɗe akwati. Sai da gari ya waye ubanta ya turo kuɗɗi ta Nita. Ta rayu, alhamdu lillahi, tana nan tana ɓarna a shagona. Amma tsakanin lokacin da anka rubuta takardar da lokacin da na dawo da kayan an yi kusan awa biyu, kuma likitan da kanshi ya ce mini irin wanga ciwo ba ya jiran awa biyu ga kowane yaro. Kwana 5 munka yi, da na haɗa komi da komi har abinci da kuɗɗin moto ya kai jika 41. Har yanzu ina biya.

Da farko ma'aikatan na zarga, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka suna ɓoye maganin ne su kai nasu shago. Mai yiwuwa akwai masu yin haka, ko'ina akwai ɓata-gari, aikinku ne ku bincika. Amma wata 'yar asusunmu da ƙanenta ke aikin jinya a wani CSI, wato cibiyar kiwon lahiya, na ƙauye ta sa ya zo ya yi mana bayani, kuma bayanin ya zauna. Ya ce kyauta ba ta nuhin maganin daga sama yake faɗowa. Gidan likita shi ke duba yaro ya ba shi magani daga abin da ya saya, ya cika takardu, ya aika sama, sannan gwamnati ta maido mishi da kuɗɗin, da su ne zai koma ya sayo wani maganin. In kuɗɗin sunka yi wata da watanni ba su dawo ba, kantin magani ya bushe, mai bada magani a bashi ya ce ya gaji, shi ke nan sai ordonansi. Ya ce mu yaran ƙasa da shekara 5 su ne mahi yawan masu zuwa, wato mahi yawan aikinmu bashi ne muke bin gwamnati. Wannan magana ta jinkirin biya ba sabuwa ba ce, tun shekarun farko na tsarin ake kuka da ita, mun kuma ji an kafa hukumar INAM don ta kula da biyan. To mu dai a tagar magani muke gane ko an biya ko ba a biya ba. Bashin da ba a biya gidan likita ba bai ɓace ba, ya sauko ne ya faɗa akwatin asusunmu, mu da ke zubin dala 50 da dala 100.

Mun san an sha wuya lokacin takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, na 2023, da anka ruhe iyakoki kaya sunka maƙale a tashar Kotonu, magani ya yi tsada ya yi wuyar samu. Mun yi haƙuri a lokacin tare da kowa, ba mu ce uffan ba. An ɗage takunkumin tun Fabrairun 2024, amma abin da ya hau a farmasi mu dai ba mu ga ya sauko yadda ya hau ba.

Sai maganar jini. Duk wanda ya taɓa kwana ɗakin yara cikin Satumba ko Oktoba ya san abin da nake nuhi, gado ɗaya yara biyu wani lokaci uku, uwaye a ƙasa kan tabarma har baranda, kuma rabin abin da ake ta kira shi ne jini. Palu yana cinye jinin yaro, balle wanda dama tamowa ta taɓa shi. Sai a ce ki kawo wanda zai bada. Wa za ki kawo? Mazanmu suna Kodebuwa, suna Libiya, suna Nijeriya, waɗanda ke gida suna gona. Ke kanki ko kina shayarwa ko kina da ciki, ba a ɗibar naki. Ni ɗan'uwan mai kabu-kabun nan ne ya bada, yaron da ban taɓa ko gaisawa da shi ba, Allah shi biya shi. Wata da munka kwana kusa da juna, daga wajen Keita take, ba ta san kowa a garin ba, ta yini tana bin mutane a bakin ƙofa tana cewa don Allah bawan Allah. Kowa ya san watan da palu ke tashi, ba sata yake zuwa ba, shekara duk lokacinshi ɗaya. Mi ya hana a tara jinin tun kahin lokacin?

Mu na cikin gari ma da sauƙi. 'Yan'uwanmu na ƙauye su ke ganin ta kansu. Daga ƙaramin gidan likita na ƙauye a turo ki CSI, daga CSI a turo ki asibitin gunduma, daga can a ce sai Tawa, in abin ya hi ƙarhin nan a ce sai Yamai, tahiyar da ta hi kilomita 500. Kowane mataki da kuɗɗinshi. A wurare da dama ana karɓar dala 20 kan kowane mai zuwa ganin likita da sunan asusun ɗaukar marar lahiya, tsari ne mai kyau, ba mu ƙi ba. Amma har yanzu muna jin waɗanda anka ce wa ambilansi na nan, ku kawo na gazuwal. Wanda bai da shi sai amalanke ko moto, yaro na jijjiga ana ratsa ƙorama da shi cikin damina. Ƙanwar mijina daga wajen Bouza akuyarta biyu ta saida a ranar da ba kasuwa ba, kun san kuwa yadda mai saye ke yi in ya ga ido ya yi ja.

Akwai kuma abin da ban ji ana faɗi ba, kuma a ganina ya hi tsadar kanta illa, wato rashin sanin nawa za a ce. In uwa ta san jika 3 ne, za ta nemo jika 3 ta tahi tun ranar farko. Amma ba ta sani ba, yau maƙwabciya ta je ba ta biya komi ba, gobe wata ta je ta dawo da bashin jika 30. To sai ta zauna tana lissahi, ta ce bari in gani zuwa gobe. Ta aiki yaro wajen mai tallar magani a tire, wanda rana ta gama dafa kayanshi, ya ɓallo mata ƙwaya biyu ja da rawaya na dala 10. In yaron ya sanƙare tsohuwar gida ta ce iska ce a yi hayaƙi. Ranar da za a kai shi ciwon jika 3 ya zama na jika 40, wani lokaci kuma an makara gaba ɗaya. Ni da ke rubuta wannan na yi kwana biyu ina ba autata parasetamol, ba don ban san hanyar likita ba, jakata nake dubawa. Da munka isa wata ma'aikaciya ta daka mini tsawa, ke sai yanzu kika ga damar kawo ta? Ban tanka ba don gaskiyarta, amma da ta tambaye ni dalili da na gaya mata.

Ragin rabin nan ma da anka yi, mu nawa munka san tsohon farashin balle mu gane an rage? Wani wuri akwai takarda liƙe da bango, da Faransanci, ƙananan baƙaƙe, a bayan ƙofa. Cikin mu 27, huɗu ke iya karanta ta. Wani abin a ba ki resi, wani a ce kawo dala 100 na kaza ba resi, ke kuma ɗiyanki na hannunsu, ina bakin gardama.

Sai ranar da yaro ya cika shekara 5. Palu bai duba takardar haihuwa. Ɗan shekara 6 da ɗan shekara 4 gidan sauro ɗaya suke kwana, sauro ɗaya ke cizonsu, amma ɗaya a ce kyauta ɗaya a ce biya. Abin ya hi ciwo ga masu emasi, wato sikila. Muna da mace biyu a asusu masu irin waɗannan ɗiya, ciwon da ba ya warkewa, duk sanyin hunturu sai an kwanta, ƙashi na sara yaro na kuka, ƙarin ruwa, ƙarin jini, maganin yau da kullum. Cibiyar da ta ƙware a kan ciwon tana Yamai. Ɗayarsu ta ce mini ranar da ɗanta ya cika 5 ba ta yi murna ba, kuka ta yi. Na san wasu uwaye suna rage wa ɗiyansu shekaru a bakin taga, ba na yabon ƙarya, amma ban iya zaginsu ba.

Kan ma'aikata ba zan tsawaita ba. Na ga mutum ɗaya yana kula da ɗaki cike da yara tun magariba har sahe, wuta ta ɗauke ya kama salula da haƙori yana neman jijiyar jariri da hitilarta. Irin wannan sai addu'a. Wasunsu ma mun ji ba a ɗauke su aiki dindindin ba. Amma gajiya ba ta halatta a kira uwar wani jahila gaban mutane ba, kuma wadda anka wulaƙanta sau ɗaya, karo na gaba mai tire za ta nema.

To ga abin da muke roƙo, ranku shi daɗe.

Ku biya gidajen likita kuɗɗin kyautar da suke bi, a kan lokaci, musamman kahin damina ta faɗi, yadda watan Yuli zai tarar da kantocin magani cike. Kuma ku riƙa faɗi a rediyo da Hausa da sauran harsunanmu cewa an biya jiha kaza kuɗɗin wata kaza. In mun ji an biya munka je anka ce babu, mun san wanda za mu tambaya. Yanzu kowa na nuna na sama da shi.

A kowane wurin da ake karɓar yara da dare a aje kayan gaggawa a ɗakin, sarom da robarshi da allurar palu cikakka da maganin jijjiga, a fara ceton yaro tukuna, maganar takarda ta biyo baya da sahe. Kada a sake tura uwa yawon farmasi ƙarhe 2 na dare ta bar ɗiya a hannun ɗiya. Wannan shi ne roƙon da matan asusu sunka ce in ja wa layi, in ma ɗaya za ku ɗauka cikin duka to shi ne.

A rubuta abin da ke kyauta da abin da ake biya da farashinshi, da manyan baƙaƙe, da Hausa ta boko da ajami, a bakin ƙofa inda kowa zai gani, a kuma yi ta maimaitawa a rediyon gari don waɗanda ba su karatu. Duk dalar da anka karɓa a bada resi. A sa lambar waya da mutum zai kira in an karɓi abin da bai kamata ba, lambar da ake ɗauka, ba wadda za ta yi ta ƙara ba.

Maganar jini ku haɗa kai da limamai da sarakuna da samarin fada da 'yan lise da jami'a tun watan Mayu da Yuni. In liman ya faɗa ran Juma'a cewa bada jini sadaka ce mutane za su hito, mun san mutanenmu. Mu ma in an kira mu za mu turo samarin gidajenmu. Kuɗɗin ambilansi kuma a bayyana wa jama'a nawa anka tara da dala 20 ɗin nan, nawa anka kashe, kada a sake tambayar mai ɗiya a hannu na gazuwal.

Ku duba yiwuwar ɗaga shekarun kyautar ko da ga palu kaɗai, da kuma masu emasi ko shekararsu nawa. Mun san aljihun gwamnati ba rijiya ba ne, ga matsalar tsaro na cin kuɗɗi. Amma shugabannin Afirka da bakinsu sunka yi alkawari a Abuja cikin 2001 cewa za su ba kiwon lahiya kashi 15 cikin 100 na kasahin kuɗɗi, kuma ƙasarmu yau tana hidda man fetur. Muna jin ana maganar 'yancin kai kullum, muna kuma so, to a sa ɗakin yara cikin lissahin.

Na ƙarshe ba ya cin ko dala. Wani daga cikinku ya zo ya kwana ɗakin yara dare ɗaya cikin watan Satumba, ba da sanarwa ba, ba da jerin motoci ba, don in an san kuna tahe har share baranda ake a kori masu tabarma. Ku zauna kusa da tagar magani ku ƙirga sau nawa za a ce sai ki duba waje.

Kayen asusunmu yana nan, duk wanda kunka aiko za mu buɗe mishi ya gani shahi-shahi, sunayen kawai za mu ruhe. Muna haɗuwa kowace Juma'a bayan la'asar. Wanga makon mata uku sun riga sun gaya mini za su nemi rance, biyu na magani ne, kuma abin da ke cikin akwati bai isa ukun ba.

Wassalamu alaikum. Daga mai riƙe da kayen asusu, a madadin mata 27 na wata unguwa a birnin Tawa.